Injin Ban Ruwan Atika

An samo injin ban ruwan Atika ranar Litinin da ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in na safe, a rataye cikin wata rijiya a Jiratawa, kwana uku bayan ya ɓace daga gonarta. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Wanda ya gano shi Malam Gado ne, mai bin sawu, ɗan shekara sittin da biyu. Ba a kai kowa jandarma ba.

Injin ɗaya ne daga cikin arba'in da gwamnati ta aiko wa manoman rani na garin a shekarar korona, lokacin da aka rufe iyaka tattasai da zogale suka ruɓe a hannun masu su. Manoma sun haura ɗari huɗu. Kowane inji an rubuta masa lamba da jan fenti, an kuma kafa sharaɗi: ranar da komite zai zagayo, duk wanda ba a tarar da injinsa a gonarsa ba za a ɗauka sayarwa ya yi. A soke sunansa, koperatib, ƙungiyar manoman, ta karɓe filin ta ba wani. Na Atika shi ne lamba goma sha bakwai. Komite zai zo ranar Litinin.

Atika ta haura shekara arba'in. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mata 'ya'ya mata uku da fangali goma sha biyu na tattasai. Ba ta da komai bayan wannan.

*

Ranar Juma'a aka ɗauke injin, Juma'ar farko bayan an sake buɗe masallatai, ana cikin azumi. Duk namijin da ke iya tafiya ya tafi. Gonaki sun zama wayam daga sha biyu har biyu da rabi.

Da la'asar mai gari ya aika a kira Gado. Kafin ya iso mutum ya fi talatin a gonar, kowa ya taka inda ya ga dama.

"Ku yi baya," in ji Gado. "Ɓarawo ya bar mini aiki, ku kun gama ɓata shi."

Atika na zaune a kan tiyon da aka naɗe, babu hawaye a idonta.

"Yaushe kika bar nan?"

"Sha biyu saura, Baba. Na zuba masa lita ɗaya na bar shi yana aiki, yadda kowa ke yi. In man ya ƙare shi mutu da kansa. Na je gida in ɗora kunu."

"Kika dawo?"

"Uku da rabi. Sai gurbinsa."

Gado ya tsuguna. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata har bakin iyaka, kuma ya fi yarda da ƙasa a kan bakin mutum. Yau ƙasar ba ta ba shi abu mai yawa ba. An ja reshen zogale a kan hanyar da ta fita daga gonar, an share taku kusan sittin, har inda ƙasa ta yi tauri. A bisa hanyar mota akwai sawun tayar babur, sabo, ya nutse ta baya alamar kaya. Cikin gonar kuma fangali biyar na farko sun sha ruwa, na shida busasshe, na bakwai ya sha. Gado ya gani, ya wuce. Kowace gona da yadda mai ita ke shayar da ita.

"Ba sai an wahala ba," in ji wani dogon dattijo mai furfura a gemu. Maman Lawali ne, yayan marigayi mijin Atika, sa'an Gado tun suna kiwon awaki. "Mata sun ga Shamsu ɗan kabu-kabun Tsibiri da inji ɗaure a bayan babur. A kamo shi kawai. Wannan marayu aka cuta."

"Kai kana ina a lokacin?" in ji Gado.

"Birni na je salla. Wata biyu ban ga cikin babban masallaci ba."

Daga baya wani ya ce, a hankali amma yadda za a ji: "Dama mace mi za ta yi da inji?" Wani ya amsa masa: "Mu da muka yi shekara ashirin muna noma ba mu isa ba." Babu wanda ya tsawata musu. Gado ma bai tsawata ba. Gonarsa tana wajen iyakar koperatib da taku ashirin da uku, ya auna da ƙafarsa ranar da aka karanta sunaye. Har yau da guga yake ban ruwa.

*

Ya fara da Chaibu, maƙwabcin gonar Atika ta gabas. Ranar rabo, a gaban jama'a, Chaibu ya ce za a ga yadda za ta ci injin. Sawun takalminsa kuma yana kan iyakar gonakin biyu.

"Na faɗa," in ji Chaibu. "In maimaita maka? Ni fangali talatin gare ni, mata biyu, bakin ci goma sha huɗu. Aka tsallake ni aka ba ta don takardarta tana da hatimi. Hatimi ke noma, Malam Gado?"

"Sawunka na kan iyaka."

"Iyakata ce. In tashi sama in zan wuce?"

"Ƙarfe ɗaya kana ina?"

Chaibu ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "Tambayi liman. Sahun gaba nike. An ce a bar zira'i biyu tsakanin mutum da mutum, na ce to shaiɗan kuma a ina za a hana shi tsayawa? Sai da ladan ya riƙe ni. Gari duka ya gani."

Gari duka ya gani. Kafin a sha ruwa mutum tara sun tabbatar wa Gado, uku daga ciki ba sa ga maciji da Chaibu.

Gado zai tafi, Chaibu ya kira shi. "Kai ma fa ba ka samu ba. Wa ya binciki sawunka?"

*

Ranar Asabar da safe ya hau mota zuwa Maraɗi, daga can ya wuce Tsibiri. Ya tarar da Shamsu a tashar babura, takunkumi a ƙarƙashin haɓa, yana goge madubi.

"Inji? Ƙwarai na ɗauko inji daga Jiratawa. Baba, da rana tsaka na bi ta tsakiyar gari ina danna horon babur. Ɓarawo na horon?"

"Na wa ne?"

"Na Alhaji Nabil na Zariya. Shi na huɗu ke nan da na kai masa. Hau in kai ka, ka gani da idonka. Amma kai za ka sa mai."

Gidan Alhaji Nabil yana unguwar Zariya ta Maraɗi, bene ne mai baƙar ƙofa. Alhajin falke ne, motocinsa suna tsaye tun da aka rufe iyaka. Ya karɓi Gado a zaure daga nesa, ya sa aka zuba masa ruwan wanke hannu mai wari, sannan ya sa aka buɗe ɗakin ajiya. Inji huɗu jere a kan katako. Uku ko mai ba a taɓa zuba musu ba. Gado ya karanta lambobin: uku, huɗu, biyar, ashirin da biyu.

"Filaye huɗu gare ni a can, duka da takarda," in ji Alhaji. "Na sa a kawo su nan saboda na san halin mutanenku. Ga shi kuwa. Litinin da sassafe za a mayar, komite ya gani."

"Bayan komite fa?"

"Su dawo inda suke."

Gado ya tsaya yana kallon na ukun, wanda ledarsa ma ba a cire ba. Kafaɗarsa ta dama shekara biyar ke nan tana hana shi ɗaga hannu sama saboda jan guga. Ya lissafa a ransa: wannan injin zai shayar da gonarsa kafin rana ta yi zafi, ya koma gida ya kwanta. Ya daɗe a tsaye har Alhajin ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, tattasan matar nan zai kwana biyu ba ruwa. A ara mata ɗaya zuwa gobe."

Alhaji ya dube shi, ya dubi injunan. "Ɗauki ashirin da biyu, ya riga ya yi datti. Gobe kafin magariba ya dawo."

*

Rana ta yi sanyi lokacin da Shamsu ya sauke shi da injin a gonar Atika. Ganyen tattasan ya fara lanƙwasa. Atika ta taho da hauya.

"Daga na takwas za ki ci gaba ko?" in ji Gado.

"Daga na bakwai, Baba."

"Na bakwai ya sha jiya."

"Bai sha ba. A na biyar na bar ruwa."

Gado ya ajiye tiyon. "Zo ki gani."

Suka tsaya a kan na bakwai. Ƙasar ta yi ɓawo ta tsage, yadda take yi kwana ɗaya bayan ruwa. Atika ta sa yatsa, ta ji damshi a ƙasa.

"Ba ni na buɗe shi ba."

Ya koma bakin na biyar. A Jiratawa ana toshe bakin fangali da dunƙulen laka, a danne da dunduniya. An toshe wannan da kyau. Rana ta gasa lakar ta yi tauri, kuma a tsakiyarta akwai gurbin dunduniyar hagu, babba, ba takalmi, da tsagewar kaushi biyu a gefe ɗaya. Ya dubi ƙafar Atika. Ko rabi ba ta kai ba.

Ya ga abin a jere. Mutumin ya iso inji yana aiki, na biyar ya cika yana neman ambaliya. Bai kashe injin ya gudu ba. Ya tuɓe takalmi, ya toshe na biyar, ya buɗe na bakwai, ya tsaya har ruwan ya kai ƙarshe, sannan ya yi satarsa. Ya share sawunsa taku sittin, amma bai ɗauki ban ruwa a matsayin sawu ba. Hannunsa ne ya yi, shi bai ma san ya yi ba.

"Don mi ake tsallake na shida?"

"Tsohuwar rijiya ce aka cike tun zamanin surukina. Ruwa na kwanciya a ƙasa, daga na biyar yake tsotsa. In aka ba shi nasa, saiwa ta ruɓe."

"Wa ya san haka?"

"Marigayi ya sani. Shi ya faɗa mini."

"Sai wa?"

Atika ta dubi hauyar da ke hannunta. 

"Baba, kada ka sa ni faɗin sunansa, 'ya'yana gidansa suke zuwa barka da salla."

"Litinin komite zai zo, Atika."

 Gado ya samo tsohuwar ƙwarya ya kife a kan dunduniyar. Ya ce mata ta shayar da na takwas zuwa na sha biyu kawai, sauran ta bari sai gobe.

*

Ranar Lahadi bayan azahar mai gari ya tara su a gonar: Chaibu, Shamsu, Maman Lawali, Atika, da dattawa huɗu na koperatib. Sauran jama'a suka tsaya a kan hanya ba a gayyace su ba.

"Kafin magana," in ji Gado, "injin aro ne, da yamma za a mayar. A shayar da tattasan marayu tukuna. Chaibu, kai ka fi mu ƙarfi."

"Ni da ake zargi ni ne kuma lebura?"

"Za ka samu lada."

"Ladan inji nike so."

Amma ya karɓi hauyar. Shamsu ya ja igiya, injin ya tashi. Chaibu ya buɗe na ɗaya, ya toshe, ya buɗe na biyu. Shekara uku kacal ya yi a wannan yanki, yana aikin a jere yadda yake yi a tasa gonar. Gado bai kalle shi ba. Maman Lawali yake kallo, wanda ya tsaya hannu a baya, idonsa na bin ruwan fangali bayan fangali.

Chaibu ya toshe na biyar. Gado ya riga ya nuna masa ya buɗe shi ta gefe, kada ya taɓa ƙwaryar. Chaibu ya ɗaga hauya a bakin na shida.

"Kai! Tsallake wannan!" Muryar Maman Lawali ta fi ƙarar injin. "Za ka kashe shi. Wuce na bakwai."

Chaibu ya tsaya da hauya a sama. Gado ya yi wa Shamsu alama, aka kashe injin.

"Lawali, shekara nawa ka noma wannan filin?"

"Ashirin da ɗaya. Kafin a raba gado. Kowa ya sani."

"Ranar Juma'a Atika ta bar ruwa a na biyar. Wani ya zo ya toshe shi, ya tsallake na shida, ya shayar da na bakwai. Mutum uku suka san rijiyar nan. Ɗaya yana kabari, ɗaya tana gida tana kunu."

"Ni ina birni."

"Wa ka gani a can?"

"Masallacin birni ne, Gado. Dubu nawa?"

Gado ya ɗage ƙwaryar. Dattawan suka matso suka sunkuya.

"Tuɓe na hagu ka ɗora. In bai zauna ba, ni zan bi gari gida-gida in ce na yi maka ƙazafi."

Maman Lawali ya dubi gurbin. Bai tuɓe ba. Ya dubi mai gari, ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake Atika.

"Ni na cike rijiyar nan da kaina, jaki arba'in na ƙasa. Ni na tayar da kowace kunya da kuke gani. Aka raba gado, ƙanena ya je biro wajen hukuma ya sa sunansa a takarda, ni tawa har yau sunan babanmu ke kai. Masu rabo suka ce mamaci ba ya karɓar inji. Matar da aka auro daga wani gari ta karɓa, a gonar ubana, ni ina kallo da guga a hannu." Ya juya ga Gado. "Kai ka san guga."

Gado ya san guga. Ya ji maganar ta shige shi har ciki, kuma bai ji daɗin inda ta zauna ba.

"Yaya," in ji Atika, "da ka ce kana so, da mun yi kwana-kwana da shi."

"In roƙe ki ruwa a gonar ubana?"

"Ina injin, Maman Lawali?" in ji mai gari.

"Ban sayar ba. Ban lalata ba. Jibi zan kawo shi da hannuna."

"Gobe komite zai zo."

"Na sani."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce a kira jandarma. Atika ta ce ba za ta kai yayan mijinta ba, ko da filin zai tafi. Mai gari ya roƙi Maman Lawali, liman ya zo ya roƙe shi. Maman Lawali ya zauna a gindin zogale ya miƙe ƙafa.

"Ga mai bin sawu nan. Shi nemo."

*

Kafin magariba an duba gidansa, rumbunsa biyu, tarin karan da ke bayan gida da ɗakin ajiyar surukinsa. Babu. Shamsu ya mayar da injin aro Zariya.

Litinin da gari ya waye Gado ya koma inda sharar reshen ta ƙare, ya fara zagaye, kowane zagaye ya fi na baya faɗi. Mutumin da ya ɗauki inji a ka da rana tsaka yana azumi ba zai yi nisa ba, kuma dole ya sauke ya huta. Wajen ƙarfe tara ya samu wurin farko: gurbi huɗu na ƙafafun injin a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, da tabon mai kamar kwabo. Hanyar ba ta nufi gidan Maman Lawali ba. Yamma ta yi, wajen iyakar koperatib.

An ce komite sai bayan azahar. Saboda azumi da zafi suka sauya, suka iso tara da rabi, mutum uku cikin farar mota. Suka fara da filayen Alhaji Nabil, suka tarar da inji huɗu kowanne a wurinsa. Goma da kwata suna gonar Atika. Mai gari ya yi musu bayani. Shugabansu ya ce a kowane gari haka ake ce musu, shi abin da ya gani zai rubuta. Ya rubuta. Ƙarfe goma sha ɗaya suka kama hanyar Maraɗi.

A lokacin Gado ya samu wurin hutu na uku, kuma ya gane inda ake zuwa, don hanyar da yake bi kullum ce. A bayan gonarsa akwai tsohuwar rijiya da aka daina ja tun da ruwanta ya yi gishiri. Shi da Maman Lawali suka haƙa ta suna samari. A jikin itacen da aka gitta a bakinta akwai sabuwar igiya, an ɗaure ta ta ƙasa inda mai wucewa ba zai gani ba. Ya leƙa. Injin na lilo gaba biyu sama da ruwa, an naɗe shi da buhu saboda ƙura.

Kafaɗarsa ba ta bar shi ya jawo shi kaɗai ba. Ya tsaya a bakin rijiyar shi da injin, ba kowa kusa, gonarsa na gabansa ganye ya kwanta. Sannan ya ɗaga murya ya kira Chaibu.

"A bayan gonarka?" in ji Chaibu suna ja. "Malam Gado, da ni ne kai, da ban gan shi ba sai bayan salla."

"Ja igiya."

Suka kai shi gonar Atika a kan kai. Ta duba lambar, ta sa hannu ta shafa, ta tambaya ko motar komite ta yi nisa. Aka ce mata ta yi.

*

A ranar mai gari ya rubuta takarda da sa hannun dattawa huɗu da na liman, Shamsu ya kai biro a Maraɗi. Wanda ya karɓa ya ce rahoton komite ya riga ya wuce sama, sai an jira.

Maman Lawali yana zuwa masallaci, yana zama inda ya saba. Akwai masu gaishe shi da hannu biyu fiye da da. Injin yana gonar Atika yana aiki, tattasan fangali tara ya tashi, uku sun ƙone. Koperatib ta ce ba za ta taɓa filin ba sai amsa ta zo, kuma ba za ta cire shi daga jerin waɗanda za a karɓe ba sai amsa ta zo.

Sati shida ke nan amsar ba ta zo ba. Sakataren koperatib ya tabbatar cewa mutum bakwai sun riga sun kawo takardar neman filin. Ya ƙi faɗin sunayensu.